Lodzia a Gefen Piyano

A ƙauyen Malinowo, in ka ce kana neman Leokadia Bartkowiak sai mutane sun tsaya sun yi tunani. Amma ka ce Lodzia mai tambaya, nan take za a nuna maka hanyar fada.

A cikin fadar nan aka haife ta, ba don tana da jinin sarauta ba. Ubanta mai kula da dawakin gonar gwamnati ne. Bayan yaƙin duniya masu gidan sun gudu, gwamnati ta karɓe filayensu, ta zuba ma'aikatan gona a cikin ginin. Babban zauren da a da ake rawa a ciki aka yayyanka shi da katako ɗaki-ɗaki, iyalai suka tare. Katakon bai kai rufi ba, don rufin ya yi nisa, saboda haka in maƙwabci ya soya albasa kowa ya sani, in ya yi faɗa da matarsa ma haka. A jikin rufin akwai zanen wata mata riƙe da kwandon inabi. Kanta da kwandon ne suka faɗo ta saman ɗakin su Lodzia, sauran jikinta yana ɗakin maƙwabta. Uwarta takan ce maganar farko da ta ji daga bakin yarinyar mai ma'ana ita ce, "Mama, ina ƙafafun matar nan?"

A lungun ɗakin nasu akwai wani tsohon piyano baƙi, wanda sojoji suka kasa fitarwa saboda nauyi. An sassare masa ƙafafu an ɗora shi a kan bulo. A kansa uwar take yanka kabeji, a cikinsa kuma ake ajiye albasa. Maza sun ciccire yawancin wayoyinsa sun ɗana wa zomaye tarko da su. Lodzia ta gano cewa in ta danna madanni, wata 'yar guduma takan yi tsalle a ciki ta daki iska ta koma. Can ƙarshen hagu ne kawai wasu 'yan madannai suka rage da murya, wani irin gurnani kamar na kare mai barci.

"Baba, me ake yi da wannan abu?"

"Masu kuɗi ne ke dannawa in sun ƙoshi. Miƙo mini takalmina."

A wata shekara da sanyi ya yi tsanani, maza suka faskara shi aka hura wuta. Lodzia ba ta yi kuka ba, don ita ma haƙoranta kaɗawa suke yi. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, ba ta samu ko mutum ɗaya da ya taɓa jin kukansa lokacin da yake da lafiya ba.

Makaranta ba ta yi nisa da ita ba. Malamai sun ce tana da ƙwaƙwalwa, sai dai ba ta barin darasi ya ci gaba. Ta kama aikin tatsar shanu a gonar, ta auri Zenek direban tarakta. Zenek yakan ce ya aure ta ne don ita kaɗai ce budurwar da ta tambaye shi yadda giyar tarakta take shiga, kuma ta tsaya ta ji amsar har ƙarshe. Daga baya aka gina wa ma'aikata gidajen bene a bakin titi, kowa ya kwashe kayansa daga fada. Suka haifi 'ya ɗaya, ta girma, ta tafi aiki ƙasar waje. Mulki ya canza, aka rufe gonar, aka sayar da shanun. Fadar ta zama kufai, rufi yana yoyo, tsuntsaye suna shiga ta tagogi.

Da gunduma ta karɓi ginin ta fara gyara, Lodzia ta riga ta haura hamsin, ba ta da aikin yi sai ɗan lambunta. Kullum da safe tana jikin shinge tana leƙen magina. Me ya sa kuke kankare wannan fentin da 'yar wuƙa? Zinariyar gaske ce kuke mannawa? In ta gaske ce, me ya sa take tashi kamar fatar albasa? Ranar nan shugabar wurin, Pani Mirosława, wato Uwargida Mirosława, wata doguwar mata mai gilashi da ba ta cika dariya ba, ta fito ta same ta.

"Ke ce aka ce an haife ki a zaure?"

"Ni ce, Pani Darakta. Wajen taga ta tsakiya."

"Kin iya goge daɓe?"

"Na goge na shanu shekara da shekaru."

"To gara ki shigo ciki. Ta bayan shingen nan kin hana mini mutane aiki."

Haka ta koma gidan haihuwarta da tsumma a hannu. A ranakun mako tana goge katakon daɓe har sai ya yi ƙyalli, tana ba baƙi silifas ɗin auduga su sa a kan takalmansu don kada su karce shi. Ranar farko da ta shiga zauren bayan an cire katakon rabe-raben, ta daɗe da kai a sama. Ashe matar mai inabi ba ta sa takalmi ba.

Da aka gama gyara aka sayo sabon piyano. Ƙarti suka shigo da shi a kwance ta gefe, ba ƙafafu, an naɗe shi da barguna kamar majinyaci. Daga nan aka fara zaman kiɗa duk ranar Lahadi da rana, bayan an taso daga coci. Mutane suna zuwa daga Poznań da garuruwan kusa, a motocinsu da bas, mata da sarƙoƙi, maza da kwat. Aka ba Lodzia ɗakin rataye riguna. Ta karɓi rigar sanyinka, ta ba ka lamba, in an rufe ƙofar zaure ta ja kujera ta zauna a bayanta.

Ta bayan ƙofa ta fara jin abin da take nema tun tana yarinya, amma maimakon hankalinta ya kwanta sai tambayoyin suka ƙaru. Me ya sa makaɗin yake fita ya dawo, ya sake fita ya sake dawowa, alhali bai manta komai ba? Me ya sa wani lokaci kiɗan yakan tsaya cak, amma ba mai tafi, sai tari kawai ta ko'ina kamar asibiti? Ta tambayi wani mutum mai hular gashi lokacin da take miƙa masa rigarsa.

"Ai ba a gama ba ne," in ji shi. "Hutawa ce tsakanin kashi da kashi."

"To ta yaya kuke sanin ba a gama ba?"

"Ana dai sani."

"Ko dai kai ma hannun na kusa da kai kake kallo, yallaɓai?"

Mutumin ya ƙwace rigarsa ya wuce. Washegari Pani Mirosława ta kira ta. "Pani Lodzia, riga kawai. Ki karɓi riga, ki ba da lamba. In ya dawo ki karɓi lamba, ki ba da riga. Babu hira a tsakani."

A gida Zenek ya yi ta dariya. "Na gaya miki, tsohuwa. Wata rana bakin nan naki zai sa a koro ki, mu koma cin dankali ba man shanu."

"Kai dai ci abincinka, tsoho. Mutumin da bai taɓa taka fada ba tun da aka gyara ta."

"In je in yi me? In zauna kamar a wajen makoki ina jin ana ɗiga ruwa a bokiti?"

Shekaru suka shuɗe a haka, har wani watan Janairu da aka gayyato Farfesa Eustachy Dembek. Tsoho ne da ya doshi tamanin, gajere, mai manyan kunnuwa da hannaye kamar na manomi. Duk tsawon rayuwarsa da ka yake kaɗawa, ba ya duba takarda. Amma a bara, a wani gari, yana tsakiyar kiɗa hanya ta ɓace masa, ya yi ta kewaya wuri ɗaya har ya haƙura ya tashi. Tun daga nan ya koma ajiye littafin kiɗa a gabansa, wani ɗalibinsa yana zama a gefe yana juya masa shafi.

Farfesa ya iso ranar Asabar ya kwana a ɗakin baƙi na fada. Da safiyar Lahadi ya sauko zaure don ya motsa yatsu, sai ya hangi ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashin piyano.

"Wa ya mutu a nan?"

Lodzia ta ja jiki ta fito da tsummanta, gashinta duk ya hargitse. "Yi haƙuri, yallaɓai Farfesa. Ƙura na shiga gogewa, sai na tsaya duba wani abu. Ƙarafan nan da ake takawa da ƙafa, ina suke zuwa? Na ga sanda ta hau sama ta shige ciki, daga nan ban ga ƙarshenta ba."

Ya dube ta sama da ƙasa. Sai ya ce ta zagayo ta leƙa cikin piyanon. Ya taka ƙarfen dama, wasu 'yan katakai masu auduga a ƙasa suka ɗaga gaba ɗaya daga kan wayoyin. Ya saki, suka sauka.

"Kin gani? Waɗannan su ne masu toshe musu baki. In na taka, na sallame su, kowace waya ta yi ta magana har ta gaji."

"To na hagun fa?"

Yana cikin nuna mata na hagun Pani Mirosława ta shigo da waya a hannu, fuskarta ba annuri. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya cikin dare, bas ɗin da ɗalibin ya shiga ya juya. Baƙin da ke kusa za su iso, don motar share hanya ta bi ta wajensu, amma shi ba zai iso ba. Ta kira mai kaɗa wa coci, an ce yana kwance da mura. Ita kanta ba ta iya karanta rubutun kiɗa ba, ga shugaban gunduma zai zo da matarsa, dole ta tsaya ta tarbe su.

Farfesa ya nuna Lodzia da babban yatsa. "Ga wannan."

"Yallaɓai, ai mai goge daɓe ce. Ba ta san ko ɗigo ɗaya ba."

"Ba karatu nake nema ba, hannu nake nema. In na gyaɗa kai ta juya. Ko ba za ki iya ba, Pani...?"

"Lodzia. Zan iya, yallaɓai. Amma ɗige-ɗigen nan, me ya sa wasu ke da wutsiya wasu..."

"Wannan sai an gama."

Suka gwada. Ya zaunar da ita a hagunsa, ɗan baya kaɗan. Ya ce ta miƙe in ya kusa ƙasan shafi, ta kama kusurwar sama da hannun hagu, kada ta tare masa ido, kada ta lashi yatsa. Ya kaɗa 'yan shafuka a hankali, jikinsa a sandare, ya gyaɗa kai, ta juya. Ya sake gyaɗawa, ta sake juyawa. "Shi ke nan," in ji shi. "Ko akuya za ta iya."

Saura wanda zai tsare riguna. Lodzia ta kira gida.

"Ni?" in ji Zenek. "Ni da na ja garma da tarakta, yau ni ne mai gadin hulunan mutane?"

"Sa farar rigarka ka zo. Kuma ka aske gemun nan."

Pani Mirosława ta ara mata baƙar kwat ɗinta. Hannayen sun yi mata tsawo, maɓallin ciki kuma ya ƙi rufuwa. Da lokaci ya yi, Lodzia ta bi bayan Farfesa suka shiga zaure. Tafi ya tashi. Ba ta taɓa ganin zauren cike daga wannan ɓangaren ba: fuskoki jere-jere, duk sun juyo wajenta, ga shugaban gunduma a gaba da matarsa mai jan gyale. Ta zauna a bakin kujera.

Da ya sauke hannunsa na farko, sai ta manta da mutanen. Abin da take ji ta bayan ƙofa ashe inuwa ce kawai. A nan kiɗan ta ƙasa yake fara zuwa, ya bi katakon daɓe ya shiga tafin ƙafarta, ya hau har cikinta. Ga kuma wasu abubuwa da ba mai jinsu daga nesa: farcensa yana ƙwanƙwasa madannai, ƙarfen ƙafa yana ɗan nishi duk sanda ya taka, shi kansa tsohon yana gurnani ta hanci yana bin kiɗan da wata murya mara daɗi. Ta leƙa cikin piyanon ta ga 'yan gudumomin suna tashi suna faɗuwa kamar ana sheƙa ruwan sama a kan kududdufi. Baki buɗe take kallo.

Sai ta tuna da aikinta, ta dubi kansa. Mutumin da ɗazu yake zaune kamar gunki, yanzu duk jikinsa rawa yake yi. Kan yana zuwa gaba, yana komawa baya, yana karkata hagu, yana sunkuyawa har hancinsa ya kusa taɓa madannai. Ta miƙe. Ta zauna. Ta sake miƙewa. Kan ya yi wani babban sunkuyo, ta ce to wannan kam nawa ne, ta juya shafi.

Hannunsa na hagu ya yi wuf ya mayar da shafin, ya koma bakin aikinsa ba tare da kiɗan ya yanke ba. Ta ƙudura a ranta ba za ta sake yin gaggawa ba. Kan ya gyaɗa, ta tsaya. Ya sake gyaɗawa, ta tsaya. Ya juyo da ido ɗaya ja wur.

"Yanzu!" ya faɗa ta tsakanin haƙora. "Yanzu, baiwar Allah!"

Ta kai hannu a firgice, ta haɗa shafi biyu ta ja da ƙarfi. Dogon hannun kwat ɗin ya kamo gefen littafin. Littafin ya sulɓe, ya faɗo a kan madannai da hannayen Farfesa, piyano ya yi wata ƙara kamar an zubar da tukwane. Daga nan ya zame ya faɗi ƙasa.

Zaure ya yi tsit. Ko masu tari ba su yi ba. Lodzia ta hango Pani Mirosława a jikin bango ta rufe baki da hannu. Ta sunkuya ta ɗauko littafin, ta kaɗe shi a jikin kwat, ta mayar. So ta yi ta yi raɗa, amma macen da ta shekara tana kiran shanu ba ta san raɗa ba.

"Yallaɓai, ai tun da ka fara kanka bai tsaya ba. Wanne ne nawa, wanne ne naka?"

Matar shugaban gunduma ce ta fara ƙyalƙyalewa. Sai layin gaba, sai na baya waɗanda ba su ma ji abin da aka ce ba. Farfesa ya zauna yana kallon Lodzia, gemunsa yana rawa, ba ta san ko zagi ne zai fito ba. Can sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya zaro hankici ya share ido, ya juya wajen jama'a.

"Marigayiya matata ta yi ta gaya mini ina kaɗa kai kamar dokin da ƙuda ya dama. Na ce sharri take mini. Ku yi mana haƙuri, za mu sake shiri."

Ya karkato wajenta. "Matso da ƙafarki nan, kusa da tawa ta hagu. In lokaci ya yi zan taka ki. Wannan ba za ki rikita shi da komai ba."

Suka koma farko. Da ya kusa ƙasan shafi sai ta ji takalminsa a kan yatsunta, ta miƙe ta juya. Tsohon ba ya taka wasa, musamman in kiɗan ya yi zafi. Amma tun da ta daina gadin kansa, idonta ya sami sarari ya koma kan takardar. A hankali ta lura da wani abu. In ɗige-ɗigen suka cunkushe suka yi baƙi ƙirin, hannayensa gudu suke yi. In suka warwatsu, farare masu rami a tsakiya, sai ya lafa. In suka hau sama, muryar ta yi siriri, in suka gangaro ta yi kauri. Ta fara bin su da ido kamar mai bin sawun kaza a kan dusar ƙanƙara, tana ɓata, tana sake samowa. Wajen ƙarshe akwai wani wuri da ɗigon suka yi tsani suka gangaro har kusurwar shafi, hannunsa ma ya gangaro, sai ta ga kanta a tsaye ta riga ta juya. Takalminsa ya sauka a kan daɓe, ƙafarta ba ta wurin. Ya ɗago gira ɗaya.

Da aka gama, tafi ya ƙi ƙarewa. Ya fita ya dawo, ya sake fita ya dawo, ita kuwa tana zaune ba ta san ko ta tashi ba. A bayan ƙofa ta same shi yana shan ruwa, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Yallaɓai, yanzu an gama?"

"An gama."

"To me ya sa wasu ke da wutsiya?"

Ba a rabu lafiya ƙalau ba. Wasu daga cikin baƙin sun yi ƙorafi cewa ba wasan barkwanci suka zo kallo ba. Zenek kuma ya haɗa wa mutum biyu hulunansu, ɗaya sai da ya kai gida ya gane. Ranar Litinin Pani Mirosława ta rufe ƙofar ofis ta wanke Lodzia tas, ta ce ko da wuta ta kama ba za ta sake zama a gaban jama'a ba. Lodzia ta yi mako tana ɗingishi, babban yatsanta ya yi shuɗi, Zenek yana binta yana cewa, "A gafarta wa mai kiɗa, a ba ta hanya."

Amma da bazara ta yi aka sake gayyatar Farfesa, sai ya ce a waya ba ya buƙatar ɗalibi, a ajiye masa matar nan. Pani Mirosława ta yi ta kawo dalilai, ya ce to a nemi wani makaɗin. Haka Lodzia ta koma kujerar hagu, wannan karon da kwat ɗinta na kanta da takalmin Zenek na aiki mai ƙarfe a baki, wanda ta shafa wa baƙin mai.

Tun daga nan duk zuwan da zai yi, bazara da kaka, ita ke juya masa. Sharaɗinsa ɗaya ne, tambaya sai bayan an tashi. In an tashi sukan zauna a ɗakin girkin fada, ta zuba masa shayi da lemun tsami, ta yanka masa kek ɗin tuffa da ta gasa, ta fara. Ya koya mata sunayen ɗigon, da abin da wutsiyar take nufi, da alamar da ke cewa a yi shiru. Wani lokaci yakan fusata ya buga tebur. "Na gaya miki wannan a zuwan da ya wuce!" Ita kuma ta ce, "Ka faɗa, amma ba ka faɗi dalili ba." Abin da ya fi burge ta da shi, in bai sani ba yakan ce bai sani ba.

Wata rana ta ce, "Wancan mai tafiya a hankali da ka kaɗa a tsakiya, na ga mata suna share hawaye. Ni ma sai da na share nawa. Ba magana a ciki, ba wanda ya mutu, waya ce da guduma. Me ke sa mutum kuka?"

Ya juya cokali a cikin shayi. "Pani Lodzia, tun ina ɗan yaro nake danna abin nan. Na san inda zan sassauta, na san inda zan jinkirta su yi kukan. Amma abin da ke sa su yi, wallahi ban sani ba. Da na sani da na daina na koma kiwon zuma."

"To wa zan tambaya?"

"In kin samu wanda ya sani, ki turo mini shi."

Zuwansa na ƙarshe hannunsa na dama ya fara rawa, ya zaɓi masu sauƙi ya kaɗa. A lokacin ya daina taka ta, don ba ta bukata. Da sanyi ya shigo aka bugo waya aka ce ya rasu. Ta hau jirgin ƙasa ta je jana'izarsa a Poznań, ta tsaya a baya cikin tsofaffin ɗalibansa, ba wanda ya san ko ita wace ce. Ta dawo ta yi kwanaki ba ta tambayi kowa komai ba, har Zenek ya fara taɓa goshinta ya ji ko zazzaɓi ne.

Yanzu ta haura saba'in. Ta bar gugar daɓe saboda gwiwa, amma ɗakin riguna yana hannunta, kuma in makaɗi ya zo da littafi ba shi da mai juyawa, Pani Mirosława da kanta take leƙowa ta ce, "Pani Lodzia, sa kwat ɗinki." Ba kullum ake dacewa ba. Wani saurayi ya taɓa cewa numfashinta yana damunsa. A kwanan baya kuma wata budurwa ta zo da allon kwamfuta a maimakon littafi, da wani ɗan abu a ƙasa da take takawa shafin ya juya da kansa. Pani Mirosława ta yi ta satar kallon Lodzia ko ranta zai ɓaci. Ina! Kafin a ankara ta durƙusa da gwiwar tata mai ciwo tana juya abin a hannu, tana tambayar yarinyar ta ina yake gaya wa allon, tunda ba waya a tsakaninsu.

A ranar ne kuma, da yake ba ta da aikin juyi kuma bazara ce ba riguna, ta sayi tikiti biyu ta ja Zenek suka zauna a layin baya. Ya yi ta mutsu-mutsu a cikin farar rigarsa. Ba a yi nisa ba kansa ya faɗa kan ƙirji. Ta ƙyale shi, sai in minsharin ya fara tashi ta zungure shi da gwiwar hannu. A kan hanyar gida suna tafe a hankali a gefen titi, ya ce kujerun fada ba su da daɗin barci. Suka wuce coci, suka wuce kanti. Sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Ke tsohuwa. Murfin piyanon nan da suke tokarewa da sanda. Na ga sandar gajera da doguwa ce, yau kuma doguwar suka sa. Gajerar ta mece ce?"

Lodzia ita ma ta tsaya. Ta yi shekaru tana goge sandunan nan biyu.

"Ka ga, ban taɓa tambaya ba," in ji ta. "Mai gyaran wayoyin piyano zai zo ranar Juma'a. Ka zo mu je tare."

"Ni ba inda za ni," in ji Zenek. "Ki dai tambayo."